Ƙira da Ƙarfe Mai Saurin Yanka a Garwa

Garwa babban birni ne a arewacin Kamaru, a bakin kogin Binuwai, ba nisa sosai da Yola. Fulatanci ne harshen da aka fi ji a kasuwa, Faransanci kuma na ofis da makaranta ne, amma Hausawa sun daɗe a garin, kuma mai jin Hausa ba ya rasa abokin ciniki. Garin auduga ne. A nan hedkwatar kamfanin SODECOTON take, wanda aka kafa a 1974, a nan kuma aka gina masaƙar CICAM cikin shekarun 1960. Duk inda akwai injin gurzar auduga da manyan motocin da ke jigilarta, dole a sami kanikawa da masu walda da masu feren ƙarfe a inji, ban da maƙeran gargajiya waɗanda suka riga su duka zama.

Wannan darasi a kan wani irin ƙarfe ne da mutanen nan suke aiki da shi kullum. In ka shiga kantin kayan aiki ka sayi bakin injin huda ƙarfe, ko ruwan zarton yanka ƙarfe, za ka ga an buga haruffa uku a jikinsa: HSS. Gajarta sunansa na Ingilishi ke nan. Da Faransanci ana ce masa acier rapide. A nan za mu kira shi ƙarfe mai saurin yanka, don ma'anar sunan ke nan. Abin da ya sa ya isa a yi darasi a kansa shi ne, ya saɓa wa kusan duk abin da maƙeri ya gada game da ƙarfe da wuta, kuma wanda ya bi da shi yadda ake bi da sauran ƙarafa, asarar kuɗinsa zai yi.

Wasu kalmomi tukuna

Kalmar ƙarfe a Hausa tana da faɗi. Akwai baƙin ƙarfe, akwai jan ƙarfe, akwai farin ƙarfe, shi ya sa ake raba maƙera gida biyu, maƙeran baƙi da maƙeran fari. Ingilishi da Faransanci suna da kalma ɗaya ta baƙin ƙarfe zalla, da wata dabam ta wanda aka gauraya da ɗan kabon, wato sinadarin nan da gawayi ya ƙunsa. Hausa takan bar su duka a ƙarfe, sai dai a ƙara bayani. Kada kuma a ruɗa ƙarfe da ƙarfi. Wasali ɗaya ne ya raba su, kuma ɗalibai sun cika haɗa su wajen rubutu.

Akwai kalmomi uku da za su yi ta dawowa. Tauri shi ne yadda abu ke ƙin karcewa ko lotsawa. Gautsi shi ne saurin fashewa ko karyewa, kamar na tangaran ko ƙwai. Danƙo kuwa shi ne a lanƙwasa abu, ko a buge shi, ya jure bai karye ba. Gilashi yana da tauri, yana kuma da gautsi, ba shi da danƙo ko kaɗan. Dukan hikimar ƙira a tsakanin waɗannan uku take, domin galibi in tauri ya ƙaru gautsi ma sai ya ƙaru. Ku lura cewa tauri da gautsi 'yan gida ɗaya ne da kaifi da laushi da zafi da ƙarfi. Daga irin waɗannan sunaye ake fitar da siffa ta hanyar ninka gaɓar farko: tattaura, kakkaifa, lallausa, zazzafa, ƙaƙƙarfa. Ana kuma fitar da aikatau: taurara, kaifafa, zafafa, ƙarfafa. Danƙo ba ya cikinsu, sai dai a ce mai danƙo.

Aikin gasa ƙarfe da sanyaya shi don a canja halinsa, ba don a canja siffarsa ba, za mu kira shi horon ƙarfe. Duk awon zafi da za a ambata na ma'aunin Selshiyas ne.

Abin da maƙeri ya sani

A yau maƙerin Garwa, kamar na Kano ko Maraɗi, da tsohon ƙarfe yake aiki. Wanda ya fi so don gatari da wuƙa da kurfi shi ne sifirin ɗin tsohuwar mota, sai kuma tsohon magagari. Dalili shi ne waɗannan suna da kabon daidai gwargwado: a sifirin ya ɗan wuce rabin kashi 1 cikin 100, a magagari kuma ya ɗan haura kashi 1. Rodin gini da langa-langa ba su da kabon da ya kai haka, shi ya sa ko an tsoma su a ruwa ba sa yin taurin kirki.

In ya gama ƙera wuƙa, sai ya mayar da ita cikin gawayi, ɗan zuga yana zuga, har ta yi ja. Wannan jan wajen digiri 800 ne. Akwai alama mai sauƙi: a digiri 770 maganaɗisu ke daina kama ƙarfe, to kaɗan sama da haka ake so. A wannan zafi kabon ya narke ya bazu cikin ƙarfen, kamar gishiri a ruwa, ko da yake ƙarfen kansa bai narke ba. Daga nan sai ya kama ta da awartaki ya tsoma cikin ruwa ko baƙin mai. Sanyin gaggawa ba ya ba kabon damar komawa inda ya fito, sai ya maƙale a ciki ya takura ƙarfen. Takurar nan ita ce taurin. In ka goga magagari a bakin wuƙar a lokacin, zamewa zai yi. Amma in ta faɗi a kan uwar maƙera tana iya karyewa biyu.

Saboda haka akwai mataki na biyu. Sai ya goge ƙarfen ya yi haske, ya ɗora shi kusa da wuta, yana kallon launi. Da fari zai ga launin busasshen kara, wajen digiri 220 zuwa 230. Sai ya koma ruwan goro, sai shunayya, sai shuɗi a wajen digiri 300. Kowane launi ya wuce, tauri ya ragu, danƙo ya ƙaru. Aska a launin kara ake tsayar da ita, gatari sai ya kai shunayya, abin da ake so ya lanƙwashe ya dawo kuma sai ya yi shuɗi.

Wannan sani ba da zuwan mota ya fara ba. A duwatsun Mandara, arewa da Garwa, wajen Mokolo, maƙeran Mafa sun daɗe suna narka tama. Baƙin yashi ne suke tarawa daga ƙoramu. Tanderunsu ya bambanta da na yawancin Afirka, don zuga-zugan a sama suke, iska kuma ta bi wani dogon bututun yumɓu ta sauka har cikin wutar. Da tsohon ƙarfe ya yawaita a kasuwa sai aka daina. A 1986 wani dattijon maƙeri mai suna Dokwaza ya sake yin aikin a gaban masu bincike, ƙarƙashin Nicholas David na Jami'ar Calgary ta Kanada, aka kuma ɗauki fim. Da aka auna abin da ya fito sai aka tarar iri uku ne a gauraye: ƙarfe mai laushi, da mai matsakaicin kabon, da mai kabon da yawa ƙwarai. Dokwaza yakan zuba gutsattsarin a 'yan ƙananan kasake na yumɓu, ya gasa su a maƙera har kabon da ya yi yawa ya ƙone, sa'an nan ya haɗe su ya ƙera fartanya. Bai san kalmar kabon ba, amma da ido da kunne yake daidaita shi.

To, duk ƙarfen da aka hora ta wannan hanya yana da rauni ɗaya. Zafin da maƙeri ya rage masa tauri da shi, shi ne kuma zafin da aiki ke haifarwa. Fartanya da wuƙa ba ruwansu, don ƙasa da nama ba sa zafafa su. Amma ƙarfen da ke yanka ƙarfe ɗan'uwansa a kan inji, gugar da yake sha tana iya kai bakinsa digiri 300 cikin ɗan lokaci. Da ya wuce 200 ya fara laushi, da ya yi shuɗi ya dakushe. Don haka a masana'antun Turai na ƙarni na 19 dole a riƙa juya inji a hankali, komai ƙarfin injin.

Yadda aka same shi

A 1868 wani Bature ɗan Ingila, Robert Mushet, ya zuba wani ma'adini mai nauyi da ake kira tangistin cikin ƙarfe. Sai ya ga abin da ya fito ba ya bukatar ruwa: in an gasa shi aka ajiye, da kansa yake taurara a iska. Ya fi na da jure zafi, aka yi ta amfani da shi shekara talatin. Amma ana gasa shi ne daidai jan da aka saba, domin kowane maƙeri a duniya ya yarda cewa ƙarfen da ya wuce ja ya ƙone.

Tsakanin 1898 da 1900, a kamfanin Bethlehem Steel da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, Frederick Taylor da Maunsel White suka shiga gwada irin wannan ƙarfe a zafi iri-iri. Da suka ɗan wuce jan da aka saba, sai ƙarfen ya lalace, kamar yadda kowa ya faɗa. Ba su tsaya ba. Suka ci gaba da ƙara wuta har ƙarfen ya kusa narkewa, sai ga shi ya fi kowanne yanka. A babban baje kolin birnin Paris na 1900 aka nuna shi a kan inji: ɓawon ƙarfen da yake ferewa yana zubowa shuɗi don zafi, bakinsa ya yi ja-ja, amma yana ta yanka. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan daki ƙarfe, wato zafi ne ke sa ƙarfe ya yi biyayya. Ga wanda zafi bai sa shi biyayya ba.

Saurin aiki ya ninka sau biyu zuwa uku, har sai da aka sake ƙera injinan kansu, don tsofaffin ba su iya ɗaukar wannan gudu. Wajen 1910 aka tsaya a kan haɗin da ake kira 18-4-1, wato kashi 18 cikin 100 na tangistin, 4 na kuromiyom, 1 na banadiyom, da kabon ƙasa da kashi 1. Daga baya, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da tangistin ya yi wuya, aka maye gurbin wani kasonsa da molibdinom. Haɗin da ya fi yawa a kasuwa yanzu shi ne M2: tangistin wajen kashi 6, molibdinom 5, kuromiyom 4, banadiyom 2. Yawancin tangistin na duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, amma akwai shi a ƙasar Hausa ma, a duwatsun Riruwai na jihar Kano, inda aka haƙo shi tare da kuza.

Mene ne aikin waɗannan ma'adinai? Suna haɗuwa da kabon su zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu tsananin tauri, ana kiransu kabayid. Suna warwatse cikin ƙarfen kamar tsakuwa a cikin siminti. Ba sa narkewa da wuri, ba sa kuma motsi da wuri, ko da zafi ya kai digiri 550 zuwa 600. A wannan zafi ƙarfe ya soma nuna ja in an dube shi cikin duhu. Kuromiyom kuma shi ne ya fi taimakawa wajen sa ƙarfen ya taurara har ciki ba tare da ruwa ba.

Horonsa

A nan ne batun yake. Ƙarfe mai saurin yanka ba ya watsa zafi cikin jikinsa da sauri, saboda haka in an jefa shi cikin babbar wuta kai tsaye, waje zai kumbura ciki bai kumbura ba, sai ya tsage. Shi ya sa ake ɗumama shi daki-daki: wajen digiri 500 tukuna, sa'an nan wajen 850, a bar shi ya daidaita a kowane mataki.

Daga nan sai a kai shi can sama da sauri. M2 yana son digiri 1,190 zuwa 1,230. Na 18-4-1 ya fi haka, wajen 1,260 zuwa 1,300. Ku kwatanta da 800 na wuƙar maƙeri. Dalilin wannan zafi shi ne ƙwayoyin kabayid ba sa narkewa su shiga jikin ƙarfen sai a nan, kuma in ba su shiga ba, ƙarfen zai yi tauri amma ba zai jure zafi ba, wato an yi aikin banza. Sai dai wurin yana da haɗari. In an ƙara 'yan digiri kaɗan, ƙarfen zai fara narkewa daga ciki. In an bar shi ya daɗe, ƙwayoyin jikinsa za su yi girma ya yi gautsi. Minti biyu zuwa biyar kawai ake ba shi. Iska ma abokiyar gaba ce, don a wannan zafi tana cinye kabon da ke fatar ƙarfen, ta bar bakin da laushi. Saboda haka masana'antu suke tsoma shi cikin narkakken gishiri na musamman, ko su gasa shi a tanderun da aka zuƙe wa iska.

Sanyayawa kuma a mai ake yi, ko a wani narkakken gishirin da bai kai na farko zafi ba, ko a iska kawai. Ban da ruwa. Ruwa zai farfasa shi.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi ban mamaki. Mun ga cewa maƙeri yana mayar da wuƙa wuta don ya rage mata tauri. Wannan ma ana mayar da shi wuta, amma a digiri 550 zuwa 560, na wajen awa biyu, kuma maimakon ya yi laushi sai taurinsa ya dawo, har ya kan wuce na da. Abin da ke faruwa shi ne, ma'adinan nan da aka narkar a babban zafi suna sake fitowa a matsayin sababbin ƙwayoyin kabayid, ƙanana ƙwarai da ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su, su cika ƙarfen ko'ina su ɗaure shi. Bayan haka, a sanyayawar farko akwai wani kaso na ƙarfen, wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100, da bai taurara ba. Gashin nan ne ke sa shi ya taurara lokacin da ƙarfen ke hucewa. Amma sabon taurin yana da gautsi, don haka dole a sake gasawa. Shi ya sa ake yi sau biyu ko sau uku, ana barinsa ya huce sarai tsakanin kowane biyu. A ƙarshe taurinsa yakan kai 63 zuwa 65 a ma'aunin Rockwell, wuƙar girki ta yau da kullum kuwa tana wajen 55 zuwa 58.

Ko maƙeri zai iya wannan a maƙerarsa? Ba wuta ce ta gaza ba. Gawayin ƙirya da zuga mai kyau suna kai wa wannan zafi, tun da da su ake haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya. Abin da babu shi ne awo. Idon da ke raba ja da ja-wur ba ya iya raba digiri 1,210 da 1,250, dukansu fari-fari ne mai kashe ido. Riƙe wuta a 550 har awa biyu, sau uku, shi ma ba aikin zuga-zugi ba ne. Ko lausasa shi ma wahala ne. Sifirin in an gasa shi aka binne a toka, gobe ya yi laushi. Wannan kuwa sai an kai shi wajen digiri 870, a riƙa rage zafin da kamar digiri 20 a awa, abin da zai ci fiye da awa goma. In an binne shi a toka, da taurinsa zai fito. In kuma an ci gaba da dukansa bayan ya sauko ƙasa da wajen digiri 900, sai ya tsattsage a ƙarƙashin masaba. A ganina wanda ya ce maƙeri ya jahilci wannan ƙarfe bai yi masa adalci ba. Ƙarfen ne aka yi shi don tanderu mai agogo.

A hannun mai aiki

Tun da haka ne, abin da ya rage wa mai aiki a Garwa shi ne ya kiyaye horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, ya siffanta shi da dutsen washi kawai, ba da wuta ba. Haka ake yi da tsohon ruwan babban zarton inji: a wasa shi ya zama wuƙar yanka fata ko roba, wadda ke daɗewa ba ta dakushe ba, sai dai ba a banƙara abu da ita, don karyewa za ta yi. A lura cewa yawancin ƙananan zartunan hannu na yanzu haƙoran ne kawai na ƙarfe mai saurin yanka, an liƙa su a jikin ƙarfe mai danƙo. In ka wasa haƙoran suka tafi, abin da ya rage ba shi da wani kaifi na musamman.

Yaya za a gane shi a cikin tarin tsohon ƙarfe, in haruffan sun goge? A kara shi a injin washi a dubi tartsatsi. Magagari yana fitar da tartsatsi mai haske, mai yawa, yana fashewa kamar taurari. Mai tangistin da yawa tartsatsinsa kaɗan ne, ja mai duhu, kusan ba ya fashewa. Na M2 ya ɗan fi shi haske, amma shi ma bai kai na magagari ba.

Wajen washi akwai kuskuren da aka cika yi. Wanda ya saba da ƙarfen maƙera in ya ga baki ya yi shuɗi sai gabansa ya faɗi, ya yi maza ya tsoma a ruwa. Ga ƙarfe mai saurin yanka shuɗin ba komai ba ne, digiri 300 ne, shi kuwa ya sha 550 sau uku tun a masana'anta. Tsomawar ce ke cutarsa, don takan bar 'yan tsage-tsage a baki waɗanda ido ba ya gani, sai an fara aiki bakin ya ɓantare. Ko dai a riƙa tsomawa akai-akai tun bai yi zafi ba, ko in ya riga ya yi zafi a bar shi ya huce da kansa.

Sunansa ma yana ruɗin mutane, sai su ɗauka ba shi da iyaka. Yana da ita. A ƙarfe mai laushi irin na ƙofa da taga, gefen bakin huda bai kamata ya wuce gudun mita 25 zuwa 30 a minti ba. Ga baki mai kaurin milimita 10, wannan ya kama juyi 800 zuwa 950 a minti. In kaurin ya ninka, sai a raba juyin biyu. Yaran shago sukan bar injin a kan gudu ɗaya ga kowane baki, ba mai, ba ruwan sanyaya, sa'an nan a ce bakin jabu ne. Wani lokaci jabun ne kuwa. Launin zinariya da ake gani a wasu ba shaida ba ce, shafe ne na wani sinadari mai rage guga, kuma ana iya shafa shi a kan ƙarfe maras kyau. Don huda ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na tukwanen masana'anta, akan nemi wanda aka ƙara wa kobal, kashi 5 ko 8 cikin 100. Za a ga an rubuta HSS-Co ko HSS-E a jikinsa.

Tun a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Krupp na Jamus ya fito da abin da ya fi shi sauri, wato kabayid ɗin tangistin kusan zalla, da aka sayar da sunan Widia. Shi ne ɗan guntun nan da ake gani a kan bakin huda kankare. Yana yanka ninki uku ko huɗu na ƙarfe mai saurin yanka, kuma a manyan masana'antu ya karɓe yawancin aikin fere. Amma gautsinsa ya yi yawa. Yana son inji sabo, tsayayye, wanda ba ya rawa, kuma dutsen washi na yau da kullum ba ya cinsa. A ƙaramin shago mai tsohon inji, inda yau za a kawo sandar famfon ban ruwa daga wajen Lagdo, gobe a kawo wani abin babur da babu irinsa a kanti, ɗan sandan ƙarfe mai saurin yanka, mai tsawon yatsa, ya fi amfani. Mai fere zai wasa bakinsa ya yi siffar da aikin yau ke so, gobe ya juya ɗaya bakin ya wasa wata siffa dabam, yana yi yana gajarcewa, har sai abin ɗaure shi a inji ya kasa kama shi.